Kaya na ta tsada, kuɗin shiga na nan inda yake: ta ina ake fara rage kashe kuɗi a gida?

Baban_Hanan:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so waɗanda suka san harkar nan su warware mana wani abu. A ɗauka gida ne mai mutum 6, miji da mata da yara 4, abin da ke shigowa bai ƙaru ba, amma cefane da wuta da kuɗin mota duk sun tashi. Kowa ka tambaya sai ya ce "a rage", ba ya faɗin me za a rage. Ni a ganina sayen kayan abinci da yawa a ajiye shi ne babbar mafita, tunda abin da ka saya yau gobe ya fi haka. Haka ne, ko akwai abin da ya kamata a fara da shi?

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam Baban Hanan. Kafin sari akwai aikin da ke gabansa, wato rubutu. A samu littafi ɗaya, kwana 30 cur, duk abin da ya fita a rubuta shi a ranar, har da ɗan canjin da aka ba yaro da katin waya. Kada a bari sai ƙarshen mako, ƙananan abubuwan ne ke ɓacewa a kai, kuma su ake nema.

Wata na cika sai a raba abin da aka rubuta gida uku: wanda ba ya motsi kamar haya da kuɗin makaranta, wanda dole ne amma ana iya matse shi kamar abinci da wuta da sufuri, sai wanda in an bar shi ba wanda zai cutu. Daga nan a jera su daga mafi girma. Kusan kullum abubuwa uku ko huɗu ne ke cinye fiye da rabin kuɗin. Rage kashi 10 cikin 100 daga abin da ke cin 45 ya ba ka 4.5. Rage rabin abin da ke cin 2 ya ba ka 1 kacal, ga ɓacin ran iyali a kai.

Kuskuren da aka fi yi a wannan lissafi shi ne mantawa da kuɗin da ba kowane wata ake biya ba. Haya ta shekara, kuɗin zango, gyaran abin hawa, kayan sawar yara. A haɗa su duka a raba 12, abin da ya fito a ɗauke shi kamar bashin da ake bin gidan kowane wata. Wanda bai yi haka ba zai yi wata uku yana ganin yana da rara, na huɗu ya tafi neman rance.

Ummu_Sadiq:
Gaskiya ne Malam. Kuma littafin ya zama na mutum biyu. In maigida ne kaɗai ke rubutawa, kuɗin da ke fita ta hannun uwargida ba zai shiga ba, haka ma akasin hakan.

Auta_Zee:
Ni na ji ana cewa a raba albashi 50, 30, 20. Rabi na buƙata, 30 na sha'awa, 20 ajiya. Wannan bai isa ba?

Malam_Lissafi:
Auta, wannan tsari daga Amurka ya fito, kuma ya fi dacewa da gidan da abinci ba ya cin kaso mai yawa na kuɗinsa. Tun 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya nuna cewa gwargwadon ƙarancin kuɗin gida, gwargwadon girman kason da abinci ke ɗauka. Gidan da abinci kaɗai ya ci rabi, ina haya za ta shiga cikin 50 ɗin? Abin ɗauka a tsarin shi ne a ware ajiya ranar da kuɗi ya shigo, ko da kashi 3 ne ko 5, ba a jira abin da zai saura ba.

Hajiya_Mai_Sito:
Bari in koma kan maganar sari, don nan ne mutane ke asara suna zaton riba suke ci.

Sari yana da riba da sharaɗi uku: kayan ba ya lalacewa kafin a cinye, akwai wurin ajiya mai kyau, kuma kuɗin naka ne ba na bashi ba. Ga lissafi mai sauƙi. Ka sayi buhu da ragin kashi 12, wato ka biya 88 a maimakon 100. Ƙwari da danshi suka ci kashi 15. Ka biya 88 a kan kaya 85 ke nan, ka ga ya fi sayen ɗai-ɗai tsada.

Hatsi da wake sai sun bushe sosai ake rufe su, danshinsu kada ya wuce kashi 13 cikin 100. Wanda ba shi da na'urar awo ya samu busasshiyar kwalba, ya zuba hatsin zuwa kashi ɗaya cikin uku, ya ƙara busasshen gishiri cokali 2 ko 3, ya rufe ya girgiza kamar minti ɗaya, ya ajiye minti 15 ya sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. In ya bushe, a zuba a jarka mai tsabta wadda ba a taɓa sa mai ko sinadari a ciki ba, a cika ta har wuya, a sa leda a bakin a ɗaure murfi tamau. Ƙwari iska suke shaƙa, in ta ƙare sai su mutu da ƙwayayensu. Abin da ke ɓata wannan dabara shi ne buɗewa kullum. Don haka jarka ƙanana da yawa sun fi babba ɗaya: a buɗe ɗaya a cinye, sauran na rufe. Akwai kuma buhu mai ninki uku na PICS da Jami'ar Purdue ta ƙirƙiro, shi ma da hana iska yake aiki, muddin bai huje ba. Kada a ajiye buhu a kan siminti kai tsaye ko jingine da bango, a ɗora kan katako.

Gari ba kamar ƙwaya ba ne. Da zarar an niƙa, man da ke ciki ya fara lalacewa. A niƙa na mako 2 zuwa 4 kawai.

Dan_Bello77:
Hajiya ai akwai ƙwayar nan ta kashe ƙwari da ake jefawa cikin buhu, ta fi sauƙi.

Nas_Rabi:
Don Allah Ɗan Bello kada a kai wannan ƙwaya cikin gidan da ake kwana. Iskar da take fitarwa guba ce mai kisa, tana ratsa ɗaki zuwa ɗaki, kuma yara ne ke fara faɗuwa. Aikin ƙwararru ne a rumbun da ba kowa. In kayan kaɗan ne kuma akwai firiza mai sanyi sosai, a ɗaure a leda a sa kwana 4, ya wadatar.

Sannan duk hatsi ko gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar. Wani nau'in fumfunar na fitar da guba mai suna afalatoksin da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Wankewa a dafa don gudun asara ba tsimi ba ne.

Baban_Hanan:
To Hajiya, in na fahimce ki, ba ki hana sari ba, sharaɗi kika sa.

Hajiya_Mai_Sito:
Haka ne. Abin da ake ci kullum kuma yake jure ajiya, kamar shinkafa, wake, gishiri, sukari, sabulu, a sayi na wata 2 ko 3 in da hali, musamman lokacin da amfanin gona ya shigo kasuwa. Man girki kuwa a ajiye shi nesa da rana da zafin murhu. Wanda kuɗinsa bai kai buhu ba ya haɗa da gida biyu ko uku a saya a raba da sikeli, a gaban kowa, ranar da aka sayo.

Yaya_Talatu:
Akwai illar sari da ba a ambata ba. In kaya ya yi yawa a gida hannu na sakewa. Abin da aka saya don wata 3 sai ya ƙare a wata 2, saboda ana ɗiba daga buhu ba awo. Maganinsa a fitar da na mako ɗaya a mazubi daban, babban ya zauna a rufe. A kuma samu kofi ɗaya a auna shi a sikeli sau ɗaya, a san giram nawa yake ɗauka. Ɗanyar shinkafa giram 70 zuwa 80 ta ishi babba a ci ɗaya in akwai abin haɗawa. Gida mai mutum 6 kusan rabin kilo ke nan. In kullum ana kankare saura ana zubarwa, a rage giram 50 a ga ko wani zai ce bai ƙoshi ba.

Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna kusan kashi 60 cikin 100 na abincin da ake zubarwa bayan ya iso kanti da gidan abinci da gidaje, a gidajen ne ake zubar da shi. Ke nan kwandon shara ma wurin dubawa ne.

Injiniya_Sabo:
Bari in shigo da maganar wuta, don nan ma ana wahala a inda ba riba. Lissafin guda ne: wat ɗin na'ura sau awannin aiki, a raba da 1000, ya ba ka yunit. Wat ɗin na rubuce a bayan na'ura ko ƙasanta.

Ƙwan lantarki 6 na tsohon yayi masu wat 60, awa 5 kullum, yunit 54 ne a wata. Ƙwan LED mai wat 9 haskensu ɗaya, shi kuma guda 6 yunit 8 ne da ɗan kai. Fanka mai wat 70, awa 8 kullum, kusan yunit 17 a wata. Na'urar sanyaya ɗaki mai wat 1000 a awannin nan tana iya kaiwa yunit 240 in injinta bai huta ba. Ka ga inda kuɗin yake. Duk abin da ke yin zafi ko sanyi shi ne mai ci: dutsen guga, hita, butar lantarki, murhun lantarki, firji. Guga a tara ta a yi sau ɗaya a mako, a fara da kaya masu son ƙaramin zafi, a kashe dutsen a ƙarasa na ƙarshe da zafin da ya rage. Butar lantarki a zuba ruwan da ake buƙata kawai.

Auta_Zee:
Cire cajar waya daga soket fa? An ce tana shan wuta ko ba waya.

Injiniya_Sabo:
Tana sha, amma abin bai taka kara ya karya ba. Cajin waya ɗaya kullum na wata guda bai kai yunit 1 ba. A cire don kariya daga gobara da lalacewa in wuta ta zo da ƙarfi, amma ba nan ne za a ga sauƙi a mita ba.

Dan_Bello77:
To a riƙa kashe firji da dare mana, tunda ba a buɗewa.

Injiniya_Sabo:
A'a. Firji na da abin da ke kashe injinsa da kansa in sanyi ya kai. In ka kashe shi awa 8, da safe sai ya yi dogon aiki ya dawo da sanyin, ribar kaɗan ce, abincin kuma ya shiga haɗari. Abin da ke rage cinsa da gaske shi ne wannan. A bar tazarar santimita 5 zuwa 10 tsakaninsa da bango, a nisanta shi da murhu da rana. A share ƙurar bayansa. A gwada robar ƙofa da takarda: ka rufe ƙofar a kanta ka ja, in ta zare ba turjiya robar ta saki, sanyi na fita. Ƙanƙarar da ta taru ta wuce rabin santimita a narkar da ita, amma ba da wuƙa ba, don huda bututun gas ɗin ya fi duk abin da ake tsimi tsada. Sanyin firji digiri 3 zuwa 5 ya isa, firiza 18 ƙasa da sifili.

Nas_Rabi:
Ƙari a kan maganar Injiniya. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, in ana tsananin zafi ma awa 1. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Shinkafa ta fi yaudara, don akwai ƙwayar cutar da ke jure dafuwa, in ta kwana a waje tana fitar da gubar da ɗumame ba ya kashewa. A raba saura a ƙananan mazubai marasa zurfi don ya huce da wuri, a sa a firji, a ci cikin kwana 1 ko 2, a ɗumama sau ɗaya har ya yi tururi.

Maman_Ilham:
Gas nake so a yi magana a kai, shi ne ke saurin ƙarewa ba a san inda ya tafi ba.

Hajiya_Kulu_Girki:
Maman Ilham, a fara da awo. A jikin silinda akwai nauyinta ba gas, an buga shi a wuya ko hannu. A auna kafin a cika da bayan an cika, bambancin shi ne abin da aka zuba miki da gaske. A rubuta ranar da aka fara amfani. Kilo 12 da ya yi kwana 40, giram 300 ke nan kullum. Da wannan lamba za ki gane ko gyaran da kika yi ya yi aiki.

Sai yoyo. A kaɗa ruwan sabulu a shafa a bakin regileta da duk inda tiyo ya haɗu, in ya yi kumfa yana tashi akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Tiyon da ya tsattsage ko ya ƙandare a canza shi. Harshen wuta shuɗi ake so. In ya koma ruwan ɗorawa yana baƙanta gindin tukunya, ramukan kan murhun sun toshe ko iska ba ta shiga daidai, gas na tafiya bai ƙone duka ba. A cire kan, a wanke, a bi ramukan da siririyar waya, a bari ya bushe sarai.

Wajen girkin kansa, murfi shi ne na farko. Tukunya a rufe ta fi saurin tafasa nesa ba kusa ba. Da ta tafasa a rage wuta, don ruwa ba ya wuce digiri 100 komai ƙarfin wutar, ƙarin tururi ne kawai ke tafiya. Harshen wuta kada ya fito gefen tukunya. A gama yanke-yanke da jajjage kafin a kunna. Wake a jiƙa shi awa 8 zuwa 12, a zubar da ruwan, lokacin dafuwarsa zai ragu sosai. In ana zafi a jiƙa a firji ko a canza ruwa, kada ya yi tsami. Tukunya mai riƙe tururi tana kai zafi wajen digiri 120, shi ya sa wake da nama mai tauri ke nuna cikin ƙasa da rabin lokaci. Amma ba a cika ta fiye da rabi in wake ne, don kumfa na toshe mafitar tururin, kuma ba a buɗewa sai iskar ta sauka.

Akwai kuma ƙarasa girki da zafin tukunya. Shinkafa ta tafasa minti 5, a sauke a rufe, a naɗe tukunyar da bargo mai kauri a sa a kwando ko kwali, gindi ma da abin da zai tare, minti 40 ta nuna. Jiƙaƙƙen wake ya tafasa sosai minti 15 zuwa 20, sannan a naɗe awa 3 zuwa 4. Dole tukunyar ta kusa cika, kuma kada a leƙa. In an buɗe an tarar ya huce, a sake tafasawa kafin a ci.

Maman_Ilham:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Maganar auna silinda ce ban taɓa kawowa a rai ba.

Kwamared_Isa:
Ku yi haƙuri, duk wannan na ji, amma akwai iyaka. Gidan da ya riga ya matse ba abin da zai ƙara matsewa. Tsadar nan ba daga kicin ta taso ba. Ma'aunin farashin abinci na FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kai ƙololuwa a Maris 2022 bayan yaƙin Rasha da Yukren ya taɓa alkama da man girki da taki, ga tsadar sufuri, ga faɗuwar darajar kuɗi a ƙasashe da yawa. Kada mu sa mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauka laifinsa ne don bai rufe tukunya ba.

Malam_Lissafi:
Ban musa ba Kwamared. Akwai ma abin da ke ƙarfafa maganarka: in aka ce hauhawar farashi ta sauka daga 30 zuwa 20, ba kaya ne suka yi sauƙi ba, gudun tashin ne ya ragu. Kuma hauhawar kashi 25 a shekara na nufin 100 ɗinka ta bara yau kayan 80 take saye. Murfin tukunya ba zai cike wannan giɓi duka ba. Amma littafin nan na kwana 30 shi ne zai nuna wa mutum ko matsalarsa yoyo ce ko kuwa abin da ke shigowa ne bai kai ba. In an toshe yoyo kuma har yanzu buƙatun dole sun fi kuɗin shiga, to magana ta koma kan manyan abubuwa: gida mai sauƙin haya, kusanci da wurin aiki, ko ƙarin sana'a.

Kwamared_Isa:
A nan mun haɗu. Sai dai ƙaura ma kuɗi ce, kuma haya mai sauƙi a nesa tana dawowa ta kuɗin mota. A haɗa haya da sufurin duk 'yan gidan a lissafa su abu ɗaya kafin a yanke shawara.

Ma'aji_Nura:
Ba wanda ya taɓo bashi, alhali shi ne ramin da ya fi zurfi. Manhajojin rance na waya suna faɗin kuɗin ruwa na wata ko na mako don ya yi kama da kaɗan. Kashi 10 a wata, in yana hawa kan kansa, 100 ta zama kusan 314 a shekara. Kashi 5 a wata ma ta kai kusan 180. Kwatanta da hauhawar kashi 24 a shekara, wadda ba ta kai kashi 2 a wata ba. Wannan ya amsa wa Baban Hanan wani ɓangare: cin bashi mai ruwa don a yi sari kafin kaya su tashi asara ce tsantsa.

Wanda bashi ya riga ya yi wa yawa ya rubuta su duka, nawa ne, ruwan nawa, yaushe ne wa'adi. Ya biya mafi ƙarancin da aka yarda a kan kowanne, duk rarar ya zuba wa mai ruwa mafi yawa. Ya je wurin mai bin bashi kafin ranar biya, ba bayanta ba, an fi sauraron mutum a lokacin. Kuma ajiyar ko-ta-kwana ta riga sari: kada a mayar da duk kuɗin hannu buhuna, ranar da yaro ya kwanta ba za a kai buhu asibiti ba. A fara da abin da zai riƙe gida mako 2, a bi a hankali zuwa wata guda.

Nas_Rabi:
Tunda an ambaci asibiti, akwai wuraren da ba a taɓawa. Mai hawan jini ko ciwon suga kada ya tsallake kwana ko ya raba ƙwaya biyu don ta daɗe. A tambayi likita ko mai harhaɗa magani ko akwai irinsa mai sinadari ɗaya da ƙarfi ɗaya daga wani kamfani mai rajista, sau da yawa ya fi sauƙi. Madarar gwangwani ta jariri ba a ƙara mata ruwa fiye da abin da aka rubuta, yana jawo rama da rikicewar gishirin jiki. Rigakafin yara da awon ciki ma haka.

Abinci kuma a sauya, kada a soke. Babba na buƙatar kusan giram 0.8 na sinadarin gina jiki a kan kowane kilo na nauyinsa. Busasshen wake giram 100 na da fiye da giram 20, ƙwai ɗaya kusan giram 6. In nama ya yi tsada, wake da ƙwai da gyaɗa da ƙananan kifi za su riƙe gida. Abin da za a rage ba tare da an cutu ba shi ne lemon kwalba da kayan zaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi sukari kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba jiki ƙarfi a rana, wajen giram 50 ke nan ga babba, gishiri kuma ƙasa da giram 5.

Ummu_Sadiq:
A kan sayayya: a riƙa duba nauyi, ba girman leda ba. Kamfanoni na rage kaya su bar farashi. Abin da yake giram 500 ya koma 450 a kuɗi ɗaya, ƙarin kashi 11 ne a ɓoye. Mai giram 900 a kan 100 ya fi mai kilo ɗaya a kan 105 tsada, don kilonsa ya kama 111. Ƙananan ƙulli ma yawanci sun fi tsada in aka lissafa a kilo, amma ba kullum ba, sai an raba an gani. A rubuta abin da za a saya bayan an leƙa abin da ke gida, a tafi da kuɗinsa kawai.

Albasa a wuri mai iska, ba cikin leda ba, kuma ba kusa da dankali ba, suna ɓata juna. Tumatir in ya yi araha a markaɗa a dafa ya yi kauri, a raba daidai girki ɗaya ɗaya a daskarar, ko a yanka a shanya a kan abu mai tsabta da rufin raga.

Auta_Zee:
Data fa? Ita ma tana ci.

Sadiq_Waya:
Bidiyo ne ke cinye ta. A sauke ingancin hoto a YouTube zuwa 480, a waya ba za ka ga bambanci sosai ba, cin kuma ya ragu fiye da rabi in daga 1080 ka sauko. A kashe saukar hoto da bidiyo da kansu a WhatsApp, da kunnuwar bidiyo da kansa a Facebook. Sabunta manhajoji a bar shi sai an samu Wi-Fi. A kuma duba abubuwan da ake cire wa kuɗi kowane wata da kansu, a waya da asusun banki, a soke wanda ba a amfani da shi.

Injiniya_Sabo:
Na manta ruwa. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da kusan lita 30 a rana, yawanci kuma 'yar robar ciki ce ta cinye. Tankin masai a ɗiga masa kalar abinci, a jira minti 15 ba a ja ba, in kalar ta bayyana a ƙasa yana yoyo. Mai mita ya rufe duk famfo ya duba ko tana juyawa. Mai abin hawa kuma ya duba iskar taya da safe kafin ta yi zafi, daidai da lambar da ke jikin ƙofa, kuma kada a jinkirta canjin man inji don tsimi.

Baban_Hanan:
Na gode ƙwarai. Amma har yanzu akwai inda ban gamsu ba. Ma'aji ya ce ajiyar kuɗi ta riga sari, Malam Lissafi kuma ya nuna kuɗin da aka ajiye na zagwanyewa. In rarar wata ɗaya ce tak a hannu, wanne za a yi?

Ma'aji_Nura:
Kuɗi a hannu tukuna. Zagwanyewar kashi 2 a wata ta fi rancen gaggawa mai kashi 10 sauƙi.

Hajiya_Mai_Sito:
Ni kam rabawa zan ce a yi, Ma'aji. Abincin da ke cikin jarka shi ma ko-ta-kwana ne, don watan da aka shiga matsi ba za a fita cefanen hatsi ba, kuɗin ya tafi wurin magani. Kuma tashin kayan gona ba ya bin kashi 2 ɗin nan a jere, yana iya yin tsalle a 'yan makonni in kaka ta yi nisa.

Yaya_Talatu:
Ya danganta da ko gidan na da wurin ajiya da kuma mai riƙe awo. Baban Hanan, ɗakin da za a sa kayan yana da danshi? Kuma jarka nawa ake da su a ƙasa?